Yadda ake gane inda za a sa babban baƙi a rubutun Turanci

Duk shekara idan jarabawar WAEC da NECO ta ƙarato, yaran unguwa sukan taru a zaurenmu bayan la'asar mu ɗan yi bitar Turanci, kuma wallahi abin da ya fi shanye min jan biro ba manyan kalmomi ba ne, ba kuma nahawu mai wuya ba, babban baƙi ne da ƙaramin baƙi. Yaro zai rubuta "kano" da ƙaramin k, a layi na gaba kuma ya rubuta "my Father is a Trader in the Market", ka ga inda ake buƙata bai sa ba, inda ba a buƙata ya zuba uku. In ka tambaye shi me ya sa, sai ya ce ai mahaifi ne malam, dole a girmama shi. To a nan matsalar take. Babban baƙi a Turanci ba rawani ba ne da ake naɗa wa wanda ake ganin girmansa, alama ce kawai da ke nuna cewa wannan kalmar suna ce ta wani abu guda takamaimai.

Ban cika ganin laifinsu ba. Yawancinmu da allo muka fara, Larabci da ajami kuwa babu babba babu ƙarami a baƙaƙensu, don haka hannu bai taso da wannan al'adar ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi boko da Faransanci su kuma nasu ruɗanin daban ne, don a Faransanci ranaku da watanni da sunan harshe duk da ƙaramin baƙi ake rubuta su, "lundi", "janvier", "français", in suka zo Turanci sai su taho da wannan sabon. Ga kuma waya da ta ƙarasa lalata mu, ita ke sa maka babban baƙi da kanta, ran da aka miƙo maka biro da takarda sai ido ya raina fata. Kuma abin ba na wasa ba ne, a insha'in WAEC maki 50 ne, 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne wato aya da waƙafi da rubuta kalma daidai da waɗannan baƙaƙe, kowane kuskure ana zare rabin maki, kuskure 20 kawai ka tashi da sifili a wannan ɓangaren.

Mataki na farko, kafin ma a zo kan sunaye, ka kama guda uku da ba su da gardama. Farkon kowace jimla babban baƙi. Bayan aya ko alamar tambaya ko alamar motsin rai, babban baƙi. Sai kalmar "I" mai nufin ni, ita kam ko a ina ta faɗo, farko ko tsakiya ko ƙarshe, a tsaye take da girmanta, har da "I'm" da "I'll" da "I've". Bayan waƙafi kuwa ba a sa wa, sai fa in maganar wani ka ɗauko kai tsaye, kamar: She said, "We are late." Wannan W ɗin babba ne saboda farkon maganarta ce. Shi ke nan, waɗannan ka haddace su kamar karatun sallah mu wuce.

Mataki na biyu shi ne ginshiƙin abin gaba ɗaya, in ka gane shi sauran duk rassa ne. Ka rarrabe sunan yanka da sunan gama-gari. Yaro sunan gama-gari ne, duk wani ɗa namiji ƙarami yaro ne, amma Musa sunan yanka ne. Gari gama-gari, Katsina na yanka. Kogi gama-gari, Binuwai na yanka. Duk kalmar da ka zo kanta kana kokwanto sai ka tambayi kanka, shin wannan sunan da aka raɗa wa abin ne, ko kuwa irin abin ake faɗa? In sunan da aka raɗa ne, babba. In iri ne, ƙarami, komai darajarsa. "doctor", "teacher", "king", "mosque", "government", "country", duk ƙanana ne in su kaɗai suke tafe.

Inda yara ke ruɗewa shi ne kalma ɗaya takan zama gama-gari a nan, can kuma ta shige cikin sunan yanka. Duba: "My sister is in the university" ƙaramin u, don ba a faɗi wace ba. "My sister is in Ahmadu Bello University" babban U, don yanzu kalmar ta zama gaɓa a jikin sunan. Haka "the market" da "Kurmi Market", "the road" da "Zoo Road", "a river" da "River Niger", "the lake" da "Lake Chad", "our state" da "Jigawa State", "the hospital" da "Aminu Kano Teaching Hospital", "a rock" da "Zuma Rock". Na sha ganin mai rubuta "Kaduna state" ko "Dala hill", ya ba rabin sunan haƙƙinsa ya hana rabi. Suna in za ka ɗauka ka ɗauke shi duka.

Amma a cikin dogon suna akwai 'yan ƙananan kalmomi masu haɗa zance da ba a ɗaga su, irin su "of", "and", "the", "for", "in". Don haka "University of Maiduguri", "Federal Republic of Nigeria", "Ministry of Education", "United States of America". Ita "the" da ke gaban suna ma yawanci ƙarama ce in a tsakiyar jimla take, "the United Nations", "the Sahara". 'Yan kaɗan ne suka fita zakka, kamar "The Gambia" da "The Hague" da T ɗin ya zama cikin sunan.

Mataki na uku, mutane da muƙamansu, nan zan ɗan daɗe don nan ne girmamawar tamu ke kai mu ta baro. Sunan mutum babba ne kowace gaɓa, wannan kowa ya sani. Laƙabin da ya zo daf da suna shi ma babba ne: Mr, Mrs, Dr, Professor, Alhaji, Hajiya, Malam, Sheikh. Muƙami in ya manne da suna a gaba, babba, "President Shehu Shagari", "Prime Minister Tafawa Balewa". In muƙamin ya tsaya shi kaɗai yana bayanin aiki, ƙarami, "Shehu Shagari became president in 1979", "Nigeria has 36 governors". Sarauta in aka kawo ta cikakkiya da ƙasarta ana ɗaga ta, "the Sultan of Sokoto", "the Emir of Zazzau", "the Shehu of Borno", amma "many emirs attended the meeting" ƙaramin e, ko sarakuna ɗari ne. Za ka ga jaridunmu da takardun gwamnati suna rubuta "the President" ko "the Governor" da babba in wani takamaimai suke nufi ko ba su ambaci suna ba, wannan salo ne karɓaɓɓe musamman a Turancin Ingila da muke bi, sai dai in ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta har ƙarshen rubutun, kar sakin layi na farko babba na uku ƙarami.

Sai dangi. Dabarar da nake ba yara ita ce, in akwai "my" ko "his" ko "her" ko "our" ko "your" a gaban kalmar, ƙarami ne. "My mother is cooking." In kuwa kalmar ta tsaya a madadin suna, yadda muke cewa Baba ya dawo ko Inna na kira, to babba ne. "Is Mother at home?" "Good morning, Uncle." Gwaji mai sauƙi, cire kalmar ka sa sunan mutum a gurbinta, in jimlar ta zauna daidai to babba. "Is Amina at home?" ta zauna. "My Amina is cooking" ba ta zauna ba, ka ga ke nan ƙarami.

Akwai kuma sunaye masu ɗan guntu a tsakiya da ake barinsa ƙarami, a littattafan tarihi na Turanci za ka ga "Usman dan Fodio" da ƙaramin d, kamar yadda Turawa ke rubuta "Leonardo da Vinci", amma jami'ar Sakkwato ta rubuta nata "Usmanu Danfodiyo University". Mutum ɗaya, rubutu biyu. Ƙa'idar a nan ita ce ka bi yadda mai sunan ko hukumar ke rubuta nata, kar ka gyara musu. Haka kayan kamfani, "iPhone" da ƙaramin i suka ga dama, "WhatsApp" da babban A a tsakiya, "YouTube" da babban T.

Mataki na huɗu, lokaci. Ranakun mako bakwai duka babba, Monday har Sunday. Watanni goma sha biyu duka babba. Bukukuwa da ranaku na musamman babba, "Ramadan", "Sallah", "Eid", "Christmas", "Easter", "Independence Day", "Democracy Day". Amma yanayi ƙarami ne, kuma nan mutane da yawa ke faɗawa rami, "summer", "winter", "rainy season", "dry season", "harmattan". Kar ka tambaye ni hikimar da ta sa Litinin ta samu damina ta rasa, haka masu harshen suka tsara abinsu. Kalmomin "day", "week", "month", "year", "morning" su ma ƙanana.

Mataki na biyar, ƙabila da harshe da ƙasa da addini, da duk wata siffa da aka ciro daga cikinsu. "Hausa", "Fulani", "Kanuri", "Yoruba", "Arabic", "English", "Nigerian", "Ghanaian", "African". Ko da kalmar siffanta wani abu take yi tana nan da babbanta, abin da take siffantawa ne ke zama ƙarami, "Nigerian rice", "Hausa films", "Islamic law", "French bread". Addini da mabiyansa da littattafansa, "Islam", "Muslim", "Christianity", "Christian", "the Qur'an", "the Bible". "Allah" da "God" babba, amma in ana maganar gumaka ko allolin maguzawan da, "gods" ƙarami. "the Prophet" in Manzon Allah ake nufi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babban P, in kuwa annabawa ake faɗa a dunƙule, "the prophets". Masu rubutun addini da yawa kan sa "He" da "His" da babba in Allah suke nufi, wannan ma daidai ne.

Daga nan darussan makaranta suka samo tasu ƙa'idar, wadda kusan kowane ɗalibi sai ya yi tuntuɓe da ita. "I like mathematics, biology and English." Ka lura English kaɗai ya samu, ba don ya fi lissafi daraja ba, don shi sunan harshe ne. Hausa, Arabic, French haka. Sauran kuwa ƙanana, sai fa in sunan sashe ne ko kwas mai lamba, "Department of Chemistry", "Biology 101".

Mataki na shida, kusurwoyi. In hanya kake nunawa, ƙarami, "drive north for two hours", "the sun rises in the east". In yanki kake nufi wanda aka sani da wannan sunan, babba, "the North" yadda muke cewa Arewa, "West Africa", "the Middle East", "the North-East". Ga wani wuri mai daɗi, "South Africa" ƙasa ce guda, "southern Africa" kuwa kudancin nahiyar ne da ya haɗa su Zambiya da Zimbabuwe da Botsuwana. Haka "Northern Region" da babba sunan tsohuwar Jihar Arewa ce ta zamanin Sardauna wadda aka rarraba a 1967, in ka rubuta "northern Nigeria" da ƙaramin n kuwa ɓangaren arewacin ƙasar kawai kake nufi.

Abinci da cuta da dabba da tsiro duk gama-gari ne. Ko abincinmu ka sa a cikin Turanci ƙarami ne, "tuwo", "kilishi", "suya", "fura". Amma sunan da kamfani ya raɗa wa kayansa babba, Maggi, Indomie, Omo, Peak, duk da mu mun mai da su kamar gama-gari a baki, kowane garin sabulu omo ne a wurinmu. Cututtuka "malaria", "cholera", "typhoid", "measles" ƙanana, sai wadda aka sa mata sunan wuri ko mutum. "Lassa fever" babban L ƙaramin f, don Lassa gari ne a jihar Borno inda aka fara gano cutar a 1969, "Ebola" kuma sunan kogi ne a Kwango.

In kana ganin duk wannan ƙaƙale ne kawai, ga kalmomin da baƙi ɗaya ke juya ma'anarsu. "Turkey" ƙasar Turkiyya, "turkey" talo-talo. "China" ƙasar Sin, "china" kwanukan tangaran. "Polish" abin da ya shafi ƙasar Poland ko harshenta, "polish" man goge takalmi. "March" watan Maris, "march" maci irin na soja. "May" watan Mayu, "may" mai nufin wataƙila ko izini. "Guinea" ƙasa, "guinea fowl" zabo. Akwai ranar da wata yarinya ta rubuta min "my aunt lives in turkey", na ce mata to Allah Ya fito da gwaggo lafiya daga cikin talo-talo, tun daga ranar ba ta sake ba.

Mataki na bakwai, wasiƙa da kan magana, tunda su ake tambaya a jarabawa kuma su za ka rubuta ran neman aiki. Gaisuwar buɗewa "Dear Sir," ko "Dear Madam," duka biyun babba. Rufewa kuwa kalmar farko kaɗai, "Yours faithfully," da "Yours sincerely," ƙaramin f ƙaramin s, wannan kuskuren na gyara shi ya fi a ƙirga. Adireshi kowace gaɓa ta suna babba. Kan wasiƙa ko na insha'i hanya biyu ce, ko ka rubuta shi duka da manyan baƙaƙe, ko ka ɗaga farkon kowace muhimmiyar kalma ka bar ƙananan masu haɗi sannan ka ja layi a ƙasa, kamar "Application for the Post of Clerk". Kalmar farko ko da "a" ce ko "the" tana samun babba. Gajerun sunaye na hukumomi duka manya, WAEC, NECO, JAMB, INEC, BBC. In fom ya ce a cike da "BLOCK LETTERS" to manyan baƙaƙe zalla ake so. Amma a hira ta waya ko imel, rubuta komai da manya kamar ihu ne kake yi wa mutum, a kiyaye.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, wani lokacin yaro ya san ƙa'idar, hannunsa ne ke cin amanarsa. Baƙaƙen c, o, s, u, v, w, x, z siffarsu ɗaya babba da ƙarami, tsawo ne kawai ya raba su, k da p ma kusan haka. In kana rubuta p ɗinka zaune a kan layi ba ka sauko da wutsiyarsa ƙasa ba, mai duba takarda babban P zai gani a tsakiyar kalma ya zare maka rabin maki. Ka samu littafin nan mai jan layi da shuɗi na 'yan firamare, ba abin kunya ba ne, ka yi shafi biyu kullum na mako guda, babban baƙi ya taɓo layin sama ƙarami ya tsaya a rabi.

Yanzu yadda za ka sa abin ya zauna, don karanta ƙa'ida kaɗai ba ya hana kuskure. Ka samu jaridar Turanci, Daily Trust ko wacce ta sawwaƙa, ka zaɓi labari ɗaya gajere ka zagaye duk babban baƙin da ka gani, kowanne ka faɗa wa kanka dalilinsa da baki, wannan farkon jimla ne, wannan sunan gari, wannan wata, wannan muƙami manne da suna. Wanda ka kasa samo wa dalili ka rubuta shi gefe ka tambaya. Washegari ka kwafe sakin layi ɗaya duka da ƙananan baƙaƙe, ka ajiye jaridar, bayan awa biyu ko uku ka dawo ka mayar da manyan da kanka sannan ka gwada da na asali. Sai ka shiga saitin kibod ɗin wayarka ka kashe abin nan da ke sa babban baƙi da kansa, na sati biyu kawai, za ka sha mamakin yawan wuraren da waya ke rufa maka asiri. A ɗakin jarabawa kuma ka ware minti biyar na ƙarshe, ka bi rubutunka sau ɗaya ba don ma'ana ba, farauta biyu kawai za ka yi, sunan da aka bari da ƙarami, da babban baƙin da ba shi da dalili. Na biyun ya fi yawa a wurin yaranmu, don haka in ka ga babba a tsakiyar jimla ka tsare shi da tambaya, sunan wa? In ba amsa, sauke shi.

Kuma kar ka firgita in ka ga littafi biyu sun saɓa. Su kansu masu harshen abin yana sauya musu, Turancin shekaru ɗari biyu da wani abu da suka wuce cike yake da manyan baƙaƙe a kan sunaye na gama-gari, kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 kusan kowane suna a ɗage yake, Jamusanci ma har gobe haka yake yi wa kowane suna. Kalmar "internet" da babban I aka daɗe ana rubuta ta, sai a 2016 kamfanin dillancin labarai na AP ya mai da ita ƙarami wasu suka bi. Irin waɗannan na gefe ba su za su kayar da kai ba.

Ga gwaji, ka ɗauko takarda ka gyara kafin ka duba amsa:

"last friday my uncle travelled from zaria to the university of maiduguri, where he teaches chemistry. he speaks hausa, kanuri and french, and i hope to visit him in december, when the harmattan is strong in the north."

Wurare 12 ne. Last, Friday, Zaria, University, Maiduguri, He na farkon jimla ta biyu, Hausa, Kanuri, French, I, December, North. In ka ɗaga "uncle" ka koma mataki na uku, akwai "my" a gabansa. In "chemistry" ka ɗaga ka koma na biyar, in "harmattan" ne na huɗu. Wanda ya samu 11 don ya bar "north" da ƙarami ba zan ja da shi sosai ba, akwai jaridun da haka suke rubutawa, amma ni a zaurenmu Arewa ake nufi, da babba nake karɓa.